Gidan Gem Ba Wurin Mata Ba Ne, In Ji Su

Assalamu alaikum. An haife ni a cikin birnin Kano a farkon shekarun 1990. Ni ce ta uku a ɗakinmu, yayyena biyu maza, ƙanina ma namiji. Yau sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, da ita nake rufa wa kaina asiri, kuma da daddare idan yara sun yi barci ina buga gem. Wannan na ƙarshen na daɗe ina ɓoye shi, har ga mutanen da suka san cikina da waje. Abin da ya sa na ga ya kamata in ba da labarina shi ne wata magana da nake ji tun ina ƙarama, kuma har gobe ba a daina yin ta ba: wai mata ba su da sha'awar gem da kwamfuta, shi ya sa ba a ganin su a harkar. Ni dai na san ba haka ba ne, domin a kaina aka yi.

Shekarar da Kawu ya sauke farali, cikin tsarabar da ya kawo mana har da na'urar gem irin wadda ake jonawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa. A jikin kaset ɗin an rubuta cewa akwai wasanni dubbai, amma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Sai da na girma na gane kwaikwayo ce ta na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Akwai Super Mario a ciki, da Contra, da wasan tankokin yaƙi, da na harbin agwagi da bindigar roba. Kawu ya miƙa wa babban yayanmu kwalin, ya ce, "Ga taku, ku maza." Ni kuma aka ba ni 'yar tsana da awarwaro da ɗankunne. Ban raina ba, Allah Ya jiƙan Kawu, mutum ne mai son zumunci, kuma abin da kowa zai yi ke nan a lokacin. Amma a ranar idona bai bar kan kwalin nan ba.

Na'urar hannu biyu gare ta, maza kuma uku ne, saboda haka ko a tsakaninsu ma rigima ake yi. Ni nawa kallo ne. Ina zaune a bakin ƙofar falo da farantin shinkafa ina tsinta, ko ina riƙe da tsintsiya, ina bin allon talabijin da ido. A haka na haddace wasan Mario tun kafin in taɓa riƙe hannun: inda ake dukan bulo naman kaza ya fito, bututun da ake shiga a tsallake matakai, lokacin da ya kamata a yi tsalle kafin wutar dodon ta iso. Idan sun tafi ƙwallo da yamma, aka yi sa'a akwai wutar NEPA, sai in kunna. Sai dai yammar da suke ƙwallo ita ce yammar wanke-wanke da shara da kai niƙa da taya Umma girkin dare. Namiji idan ya dawo daga Islamiyya, sauran yinin nasa ne. Mace idan ta dawo, sauran yinin na gida ne. Duk wanda zai yi maganar ƙarancin mata a wannan harka bai ambaci wannan ba, to bai fara maganar ba tukuna. Gwaninta a gem, ko a kwamfuta, awanni take ci, awannin da babu mai kiran ka, kana gwadawa kana faɗuwa kana sakewa. Ni nawa awannin satar su nake yi, kunnena ɗaya yana tsakar gida ina sauraren kiran Umma.

Wata rana ƙaramin yayana ya maƙale a wani mataki, ya yi ta mutuwa har ransa ya ɓaci. Na ce masa, "Yaya, ka jira sandar wutar ta juya sau biyu, sannan ka ruga." Ya kalle ni, ya miƙo mini hannun, ya ce to in gwada tunda na iya. Na wuce wurin. Bai yi fushi ba, dariya ya yi, ya ƙwala wa babban yaya kira ya zo ya gani. Daga ranar ya zama nawa. Idan ana rabon hannu sai ya ce a sa da ni, idan Umma ta kira ni a tsakiyar wasa sai ya je aiken a madadina. Duk abin da na zama a wannan fanni, bayan ikon Allah, da hannun wannan yayan nawa a ciki.

Sai zamani ya juya. PlayStation ta shigo, ta biyunta ta fito a 2000, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidajen unguwarmu. Sai gidajen gem suka buɗe: shago ɗan ƙarami, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, janareta yana ruri a waje, a biya 'yan canji a buga Winning Eleven ko Mortal Kombat, wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya tashi. Yayyena suka koma can. Tsohuwar na'urarmu ta lalace, babu wanda ya damu a gyara ta, tunda masu ita sun samu wadda ta fi ta.

An taɓa aike na in kira ƙanina daga gidan gem. Na yi sallama a bakin labule, na leƙa. Wurin da ake ta hayaniya sai ya yi tsit, kowa ya juyo. Idona kuwa yana kan talabijin, domin ban taɓa ganin hoton gem mai kyau haka ba, 'yan ƙwallo kamar mutanen gaske, har da ihun 'yan kallo. Ban san na daɗe a tsaye ba sai da mai shagon ya ce, "Ke yarinya, me kike nema? Nan ba wurin mata ba ne." Kafin in isa gida labari ya riga ni: an ga 'yar gidan Malam a gidan gem.

Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Bayan sallar isha'i ya zaunar da ni ya ce, "Uwata, wurin nan ana shan taba, ana ashar, wasu har caca suke yi a kan wasan. Ba na son a saba ganin ki a can. Mutuncin 'ya mace abu ne mai wuyar gyara." Na ce to, Baba, kuma ban sake zuwa ba. Har yau da nake da 'ya'yana ina ganin gaskiya ya faɗa game da wurin, ni ma ba zan bar 'yata ta zauna a irin shagon nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tabar da ashar ɗin da cacar ba su hana maza zuwa ba, faɗa kawai ake yi musu su koma. Kuma da aka rufe mini waccan ƙofa, babu wanda ya yi tunanin a buɗe mini wata.

Mutane suna ɗauka wasa kawai ake yi a gidan gem. Ni da na ga abin da ya fito daga cikinsa na san makaranta ce, ko da ba ta da allo. A can yaran unguwarmu suka koyi kwance na'ura su goge idon da ke karanta faifai, su haɗa wayar hannun da ta tsinke, su gane bambancin faifai na asali da na kwafi, daga baya su koyi zuba wasanni a filas. A can suka tsinci Turancin da ba a koya musu a aji ba, domin sai ka karanta abin da aka rubuta kafin ka wuce. Daga gidan gem suka wuce kafe, wato shagon intanet, daga kafe wasu suka wuce gyaran waya a Farm Centre da titin Beirut, wasu suka karanta kwamfuta. Mafi girma kuma, a can suka samu juna. Wanda ya san abu ya nuna wa wanda bai sani ba, wanda ya ji labarin aiki ya gaya wa abokinsa. Mu 'yan matan layin muna da gaɗa da carafke da 'yar tsana, wasanni masu daɗi da ba na raina su, amma babu ɗaya a cikinsu da ya kai ni gaban na'ura.

A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi akwai ɗakin kwamfuta, amma kullum a kulle, na'urorin an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. A littafi muka koyi kwamfuta, muna zana hotonta muna rubuta sunayen sassanta. Lokacin hutu Yaya yakan kai ni kafe da rana, ya saya mini awa ɗaya, ya zauna kusa da ni don kada a yi magana. Na dare, wanda ake kwana ana yi, ya fi araha kuma intanet ɗin ya fi sauri, a nan samari suke sauke manhajoji da darussa. Wannan kam ko tambaya ban yi ba.

Da zan cike takardar JAMB na sa kimiyyar kwamfuta. Goggo ta ce me ya hana ni aikin jinya ko koyarwa, aikin da ya dace da mace. Baba ya ce a bar ni. A ajinmu na jami'a maza sun cika ɗaki, mu mata ba mu cika benci biyu ba. Makon farko na ji kamar na shigo tsakiyar hira da aka daɗe da farawa. Samarin suna maganar katin hoto da girman ma'adana da yadda ake sauya Windows, suna dariya a kan wasannin da suka gama tun suna sakandare. Wasu ƙawayena biyu suka yanke cewa kansu ne bai kai ba, suka sauya kwas kafin shekara ta ƙare. Kansu ya kai, na zauna da su, na san lissafinsu ya fi na yawancin samarin. Abin da samarin suka fi mu shi ne shekarun da suka yi suna taɓa na'ura ba mai tsawata musu. Idan aka raba mu rukuni don aikin aji, sai a ce, "Hajiya, ke ki rubuta rahoton, rubutunki ya fi kyau," su kuma su riƙe allon madannai. Wani malami ya taɓa cewa a gaban aji bai ga dalilin da za mu wahalar da kanmu ba, tunda ƙarshenta a kicin za a ajiye takardar. Aka yi dariya. Na koma ɗaki na yi kuka, sannan na buɗe tsohuwar kwamfutar cinya da Yaya ya bar mini na ci gaba da aikina.

A wannan shekarar na fara karanta tarihin fannin da kaina, kuma abin da na tarar ya sauya yadda nake ɗaga kaina a aji. Ada Lovelace, 'yar Ingila, ita ta wallafa a 1843 abin da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin shirin kwamfuta na farko, tun na'urar tana kan takarda. ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a Amurka, mata shida ne suka tsara mata aiki, kuma ranar da aka nuna ta ga 'yan jarida a 1946 ba a gabatar da su ba. Grace Hopper tana cikin waɗanda aikinsu ya haifar da harshen rubuta manhaja na COBOL, wanda bankuna da yawa ke amfani da shi har yanzu. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a duniyar wata a 1969. A ɓangaren gem ma haka. Dona Bailey tana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri Centipede a kamfanin Atari, Carol Shaw ta yi River Raid a 1982, Roberta Williams ta tsara King's Quest da ya fito a 1984. Babu malamin da ya taɓa ambata mana ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne alƙaluman Amurka. A 1984 mata sun kai kashi 37 cikin ɗari na masu samun digirin kimiyyar kwamfuta a can. Daga nan sai adadin ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da kashi 20, a daidai lokacin da mata ke ƙaruwa a likitanci da lauyanci. Cikin dalilan da masu bincike suka kawo akwai shigowar kwamfuta da na'urorin gem cikin gidaje a shekarun 1980, inda aka tallata su a matsayin kayan wasan yara maza. Na'urar hannu da Nintendo ya fitar a 1989 ma Game Boy aka sa mata. A jami'ar Carnegie Mellon, Jane Margolis da Allan Fisher sun yi hira da ɗalibai a shekarun 1990, suka tarar iyaye sun fi saya wa 'ya'ya maza kwamfuta, kuma ko ta gida ce gaba ɗaya sau da yawa a ɗakin namijin take ƙarewa. Ina karantawa ina ganin Kawu yana miƙa kwali. Jami'ar ta daina fifita waɗanda suka zo da tsohuwar gogewa wajen ɗaukar ɗalibai, ta gyara darussan shekarar farko, sai mata suka tashi daga kashi 7 na sababbin ɗalibai a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Ƙwaƙwalwar mata ba ta sauya a shekara biyar ba, tsarin ne aka sauya. Masu cewa addininmu ne ya hana kuma, su dubi Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, inda mata masu lulluɓi suka kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i da dama, domin a can ana kallon sa a matsayin aikin ofis mai tsabta da ya dace da mace.

Da wayoyin zamani suka yawaita na yi murna, na ce gidan gem ya shigo har ɗakina, ba sai na ɗaga labulen kowa ba. PUBG ta waya ta fito a 2018, Call of Duty ta waya a 2019, wasannin harbi da ake bugawa tawaga-tawaga ta intanet, matasan Arewa suka rungume su. Na buɗe asusu da sunan namiji, na rufe makirufo, ina bugawa da mutane daga Kaduna, Jos, Maraɗi, har da Kumasi. Na shiga wani zauren WhatsApp na 'yan wasa Hausawa, ana girmama ni, ana neman in shiga tawaga domin ina da saiti. Wata rana ana tsakiyar fafatawa na hango abokin gaba zai zagayo ta bayan ɗan tawagarmu, babu lokacin rubutu, sai na buɗe baki na ce, "Bayanka, bayanka!" Aka yi shiru, sannan wani ya ce, "Kai, wallahi mace ce!" Daga wannan dare wasan ya daina zama wasa. Saƙonni suka cika mini waya: masu neman hoto, masu tambayar ko ina da aure, masu wa'azin da ba su taɓa yi wa kansu ba alhali tare muke kwana a wasan. Idan aka cinye mu, ai da mace a tawagar. Idan muka ci, ai wani ne yake buga mata. Wanda na ƙi amsa wa ya turo mini zagin da ba zan iya maimaitawa ba, ya haɗa da iyayena. Cikin mutanen zauren 'yan kaɗan ne suka yi wannan, amma sauran sun gani suka yi shiru, kuma shirun ya fi zagin yi mini ciwo. Mutum ɗaya ne ya ce a ji tsoron Allah, aka mayar da shi abin tsokana.

Na fita daga zauren. Bayan kwana biyu sai ga saƙo daga wani ɗan wasa da muka daɗe muna tawaga ɗaya, mai sunan wani ɗan ƙwallon Turai. Saƙon murya ne, na buɗe da fargaba. Muryar mace ce, matar aure a Zariya. Ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ni ma irinki ce, shi ya sa ban taɓa buɗe makirufo ba." Ta ce ta san wata ma a cikin zauren. Mu uku muna wuri ɗaya, kowacce tana zaton ita kaɗai ce, mazan kuma suna rantsuwa babu mace a cikinsu. Tun daga ranar, idan aka ce mini mata ba sa buga gem, nakan tambayi mai maganar ta yaya ya ƙirga. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Amurka tana fitar da ƙididdiga duk shekara, kuma an daɗe ana samun mata kusan rabin masu bugawa. Inda suke ƙaranci shi ne inda ake ganin mutum ko a ji muryarsa: gasa, zaurukan hira, da ofisoshin da ake ƙera wasannin.

Kada wani ya ɗauka halin samarinmu ne kaɗai. A 2014 a Amurka an yi abin da ake kira Gamergate, inda aka yi wa mata masu ƙera gem da masu sharhi a kansa taron dangi, irin su Zoë Quinn da Brianna Wu da Anita Sarkeesian, aka wallafa adireshin wasunsu, aka yi musu barazanar kisa har suka bar gidajensu. A ƙarshen 2021 kamfanin Riot Games ya amince ya biya dala miliyan 100 don sasanta ƙarar nuna wa mata ma'aikata bambanci. A shekarar ce kuma wata hukumar jihar Kalifoniya ta kai kamfanin gem na Activision Blizzard kotu a kan irin wannan zargi. Duk da haka a 2019 wata 'yar Sin, Li Xiaomeng, ta lashe gasar duniya ta gem ɗin Hearthstone a gaban dubban mutane. Na kalli bidiyon sau da yawa.

Akwai kuma abin da ke cikin wasannin kansu. Ni mai hijabi ce, kuma ba na jin daɗin yadda ake zana mata a yawancin wasannin faɗa: namiji ya sha sulke tun daga wuya har ƙafa, mace kuma a tura ta fagen yaƙi kusan tsirara. Ko a gida, idan irin wannan hoton ya fito Baba yana wucewa, kunya takan rufe ni kamar ni na zana. Wanda ya zana bai yi tunanin irina za ta riƙe hannun ba, domin babu irina a ɗakin da aka yi zanen. Wasan ƙwallo na FIFA ya fara fitowa a 1993, amma sai a 2015 aka sa tawagogin mata, guda 12, kuma babu Super Falcons a cikinsu, tawagar da ta fi kowace a Afirka ɗaukar kofin nahiyar.

Maganar aure ma ta zo da nata. Wani da ya nemi aurena ya ga na'urar gem a falonmu, da ya ji tawa ce ya ce in mun yi aure sai in bar wa yara. Allah bai yi ba. Wanda Allah Ya zaɓa mini, da na gaya masa tun kafin a kai kuɗi, sai ya ce shi dara yake bugawa, ba zai hana ni tawa darar ba. Amma dangi ba su rasa abin faɗa ba: babbar mace da 'ya'ya tana wasan yara. Ina mamakin wannan. Dattijo mai furfura zai yini a majalisa yana dara ko lido, babu mai cewa ya koma yaro. Mace za ta yi awa uku tana kallon fim ɗin Indiya mai fassara, babu mai cewa komai. Amma ta riƙe hannun gem na rabin awa bayan ta gama aikinta, sai a fara tambayar tarbiyyarta. Na yarda gem yana iya cinye lokaci, yana iya sa a yi wasa da salla, kuma cacar ƙwallo da ta addabi samarinmu ta wannan hanyar take kama wasu. A gidana akwai doka: ana kiran salla ake kashewa, ba a kunnawa sai an gama aikin makaranta da tilawa, kuma babu wasan da ake sa kuɗi. Dokar ta hau kan ɗana, ta hau kan 'yata, ta hau kaina. Wanke-wanke ma haka na raba musu, ko da kakarsu tana ganin na cika sabon salo.

Yanzu duk ranar Asabar da hantsi 'yan matan layinmu suna taruwa a falona. Kwamfutocin cinya uku gare mu, tsofaffi, biyu a cikinsu abokan aikina ne suka ba ni, da ɗan batirin sola da ke riƙe mu idan an ɗauke wuta. Muna amfani da Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta yi don koya wa yara, wadda ake jera umarni kamar tubali. Rabin lokacin koyo muke yi, rabin kuma wasa kawai, kuma ba na jin kunyar wannan rabin, domin na san abin da ya yi wa yayyena. Iyaye sun yarda ne saboda gida ne, mata ne zalla, kuma ana tashi kafin azahar. Wani uba ya zo da kansa ya tsaya a zaure ya yi wa maigidana tambayoyi, sannan ya ce a ɗaga labule ya ga abin da ake yi. 'Yarsa ta nuna masa kyanwar da ta sa tana tafiya tana sallama da Hausa. Mako na gaba ya turo ƙanwarta.

Ba kullum ake samun yadda ake so ba. Wasu sukan zo a makare saboda talla, wasu da goyon ƙani a baya. Wadda ta fi kowa kaifin kai a cikinsu, yarinyar da ta gano yadda ake ƙirga maki tun kafin in koya musu, an cire ta saboda mahaifiyarta ta haihu, babu mai taya ta aiki. Na je gidan har sau biyu, uwar ta karɓe ni da mutunci, kuma na ga halin da take ciki da idona, ba ƙarya take yi ba. Yayan yarinyar yana nan, kullum ina wuce shi a bakin shagon cajin waya yana buga Free Fire. Mun yi da uwar idan an yi arba'in za ta dawo, ina nan ina jira.

Sauran suna haɗa wasan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Su suka zana hotunan, su suka naɗi muryoyin da wayata. An yi gardama sosai a kan wanda mai wasa zai riƙe, yawancinsu suka ce Ƙoƙi, domin ita ce mai hankalin, Gizo kuma shi ne zai riƙa jawo rigimar da za ta warware. Sun gama mataki biyu, na uku ya tsaya saboda Gizo yana ratsa bango maimakon ya tsaya a jikinsa. Na san inda matsalar take, amma na ce su nemo da kansu zuwa Asabar. Idan suka gama, niyyata in mayar da manyan cikinsu kan Godot, manhajar ƙera gem, ita ma kyauta ce, don wasan ya hau wayar Android iyayensu mata su buga a gida. Biyu daga cikin iyayen sun riga sun tambaye ni ko akwai ranar manya, kuma muna duba yammar Lahadi.